Shekarar da Na Hana Yaya Usman Ɗinkin Shira'i

Maryam, Sa'adu, da ke Hanan, na san abin da aka gaya muku a gidan kakarku da ke Nuzla. An ce ubanku ya samu wuri a Abhur, bakin tekun Jidda, ya fara zama da Larabawa masu jiragen ruwa, sai ya raina kawunku Usman, mutumin da ya tsaya masa lokacin da ko takarda ba shi da ita. Ban taɓa musawa a gabanku ba, domin kuna yara, kuma uwarku tana tsakanin miji da wa. Yanzu da gwiwoyi suka hana ni hawa jirgi, ga maganar daga bakina. Ku haɗa ta da wadda kuka ji, ku yanke abin da kuka ga dama.

Rabin labarinsu gaskiya ne. Ni ɗan Yawuri ne, a cikin kwalekwale na yi wayo. Umara ta kawo ni ƙasar nan, na ƙi komawa, na shiga dakon kifi a kasuwar bakin teku ina ɓuya daga masu kame. Yaya Usman haifaffen Jidda ne, yana da shagon ɗinkin tanti da rumfar mota a Nuzla. Ya je ɗaura rumfa a gidan wani dattijo, Abu Faisal, ya ji yana neman wanda ya san ruwa, sai ya riƙo hannuna ya kai ni. Abu Faisal ya zama kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini, ya yi mini iƙama, takardar zama, daga baya kuma Yaya Usman ya ba ni ƙanwarsa Zainab, uwarku. Muka zauna a saman gidan mahaifiyarsu. Duk wannan ban manta ba, kuma ban taɓa ɓoye shi ba.

Jirgin Abu Faisal ba na inji ba ne, ko da yake akwai ɗan inji na shiga da fita. Iska ce ke tura shi ta manyan ƙyallaye biyu da muke kira shira'i: babba a bayan ginshiƙi, da na goshi a gabansa. A Bahar Maliya iska daga arewa take zuwa kusan duk shekara, da safe kamar tana barci, bayan azahar sai ta tashi da faɗa. Wanda ya nufi arewa da ita zai yi ta kokawa, ya karkata nan ya karkata can, kuma shira'in goshi ne ke shan dukan. Namu ya tsufa, rana ta cinye shi. Wata la'asar muna dawowa daga kamun kifi ya tsage daga gefe zuwa gefe, da ƙara kamar harbin bindiga. Abu Faisal ya daɗe yana kallon tsummokaran suna kaɗawa. A shekarar ya bar aiki, kuma ya yi wa 'yarsa da jikokinsa mata biyu alkawarin zai kai su garin Yanbu, can arewa, ta ruwa. Da muka ɗaure jirgi ya dafa kafaɗata.

"Ya Adam, kai ne rayyis, shugaban jirgin nan. Zaɓi yadi, zaɓi maɗinki. Ni dai jikokina zan ɗora a kai. Halas, magana ta ƙare."

Ban gaya wa kowa ba sai uwarku, muna cin abincin rana. Amma washegari ina wanke jirgi sai ga Nabil, wani dillali da ke yawo a tashar jiragen da jaka a hammata, ya tsaya a kaina yana murmushi kamar mun yi alkawari. Ya zaro wani yadi mai ƙyalli, siriri kamar ledar biredi, da baƙaƙen zare a gicciye a cikinsa. Ya ce na masu tsere ne, ba ya miƙewa, ba shi da nauyi, daga waje ake yanko shi da na'ura, ni dai in ba shi awo. Na tambaye shi wa ya gaya masa muna nema. Ya ce duk Abhur ta ji ƙarar yagewar. Wataƙila haka ne. Amma ya san har maganar Yanbu, kuma wannan ba iska ce ta kai masa ba.

Ranar Juma'a bayan masallaci muka taru a ƙasa wajen kakarku kamar yadda aka saba. Ba a gama zuba shinkafa ba Yaya Usman ya ce:

"Adamu, na ji kana da aikin ɗinki, ka yi shiru."

Na kalli uwarku, ta sunkuyar da kai tana gyara faranti.

"Ba nawa ba ne, Yaya, na Abu Faisal ne."

"An ce kai aka bar wa zaɓi. Ina da dakaron, na ainihi, mai kauri, bandir guda. Ka zo ka gani."

Kakarku ta ɗaga hannu sama.

"Alhamdu lillah, ya waladi. Abu ya zo gida. Shagon nan ya kwana biyu ba motsi."

Dakaron shi ne farin yadin saƙa mai tauri da aka fi yin shira'i da shi, kuma shi nake so tun farko. Amma me ya kai bandir ɗinsa shagon mai rumfa a Nuzla? Na je na gani. Yana jingine a bayan keken ɗinki, an naɗe shi da buhu. Yadin ya yi kyau a ido, yana ƙara a hannu kamar sabuwar takarda. Sai dai inda sunan masaƙa ya kamata ya kasance a bakin bandir, an yanke wurin da almakashi. Na tambaya daga ina. Ya ce wani ne ya kawo. Wane ne? Wani mutum. Na ce akwai yadin rumfa da ke kama da wannan, sai an sa shi a iska ake gane bambanci. Fuskarsa ta canza.

"Ni zan sayar maka da yadin rumfa in ce na jirgi ne? Ni?"

"Ban ce ba, Yaya. Na ce wataƙila kai ma an sayar maka."

"Ka dai ce."

Akwai mutum na uku. Wani tsohon Bayamane ne, Ammi Salim, da ke da ɗaki a bayan wuraren gyaran jirage. Masu tsofaffin jirage duk shi suke ambata, kuma yawan yabon ne ya sa ban yarda da shi ba. Na same shi durƙushe a kan daɓe yana zane da alli. Bai yi mini maraba ba. Ya ce in kawo yagaggen. Da na kawo ya bi tsagar da yatsa, ya ce wannan shira'in ya yi wa iskar nan girma tun yana sabo, mun riƙa naɗe rabinsa muna tafiya da rabi, shi ya sa ya yi tumbi ya mutu. Na iska mai ƙarfi ƙarami ake yi, shafaffe, da yadi mai nauyi, kusurwarsa ta baya a ɗage don igiyar ruwa ta wuce ta ƙasa. Maganar ta shige ni. Amma na lura hannunsa na rawa, yana kuma kai abu har hancinsa kafin ya gani. Ƙarar keke kuwa daga bayan labule take fitowa. Na tambaya wa ke ɗinkin. Ya ce 'yarsa ce, shi yanka ne nasa. Na fito ina cewa a raina: makaho ya yanka, wadda ban gani ba ta ɗinka, ni kuma in ɗora jikokin mutane.

Don haka na karɓi ƙyalle daga wajen kowannensu, kamar faɗin sallaya. Na hau rufin gidanmu na ɗaure su a jikin ƙarfen tankin ruwa, inda rana ke duka iska ke kaɗawa. Kullum in na dawo daga Abhur sai in zo da ruwan teku a jarka in watsa musu. Ban gaya wa kowa ba. Uwarku ta gani wajen shanya, ta ce:

"Abu Maryam, wannan na tsakiyar ba na Yaya ba ne?"

"Nasa ne."

"Ka rataye shi kamar ɓarawo a kasuwa. In ya gani fa?"

"Ke za ki gaya masa, kamar yadda kika gaya masa na farko?"

Ta ajiye bokiti ta dube ni.

"Wallahi ban gaya masa ba. Umma na gaya wa."

Bai daɗe ba ya gani da idonsa. Tankin ya toshe, kakarku ta aike shi ya duba. Ina ɗaki na ji saukowarsa, bai tsaya a ƙofarmu ba, bai yi sallama ba. Ranar Juma'ar da ta biyo kujerarsa babu kowa.

Da zafi ya yi nisa na kwance ƙyallayen. Na Nabil ya rabu gida biyu kamar ɓawon albasa, baƙar fumfuna ta shiga tsakani. Da na nuna masa ya ce ai ba a yi shi don a bar shi a rana ba. Na ce to a Jidda ina za mu kai ranar? Wannan ya fita. Amma na Yaya Usman da na Ammi Salim, ko ni da na ɗaure su sai da na duba alamar da na yi kafin na bambanta. Na ja, na murɗa, na soka almakashi na yaga, duk ɗaya. Kuna tsammani hankalina ya kwanta? Sai ma wani tunanin ya shigo. Wa ya ce daga bandir ɗin da na gani Yaya Usman ya yanko mini? In kuwa daga shi ne, yadi mai kyau haka da aka yanke wa suna, hannun wa ya baro? Na kai wa Ammi Salim ƙyallen ban ce na wane ne ba. Ya shafa, ya kai hanci, ya ɗan ciza gefen.

"Mai kyau ne. Daga ina?"

"Ban sani ba."

Ya miƙo mini, ya koma kan allinsa. Shirun nan nasa ma sai da na kwana ina juya shi.

Tunda yadi bai raba gardama ba, sai na ce hannu ya raba. Na gayyaci kowannensu ya fita teku da ni bayan azahar, ya ga abin da ƙyallensa zai tarar. Ammi Salim ya zo da igiyar awo a wuya. Muka ara wani shira'i muka fita bakin mashiga, iska na ta ihu a cikin wayoyi. Tsohon nan ya rarrafa har goshin jirgi, ruwa na wanke shi, yana taɓa kowane ƙarfe da shira'in zai goga, yana auna inda igiya za ta ja. Ya dawo jiƙe sharkaf ya ce layin ɗinki uku zai sa a kowace gaɓa, da zaren da rana ba ta ci, kusurwoyin kuma zai ninka su har sai allura ta yi gardama. Yaya Usman kuwa, da na je shago na roƙe shi, ya ce zai zo. Na jira shi har la'asar ta wuce. Da na koma ya ce aiki ya riƙe shi, alhali keken a rufe yake da zane.

"Adamu, tanti da shira'i duk ƙyalle ne da zare. Kawo mini tsohon in shimfiɗa in yanka a kansa."

"Tsohon ya miƙe, Yaya, kuma ya yi girma. In ka kwafe shi, ciwonsa za ka kwafa. Ka zo ka gani sau ɗaya."

"Shekara nawa ina ɗinki kafin ka sauka daga jirgin alhazai? Sai na shiga ruwa za ka yarda da ni?"

"Sai ka shiga."

Ya juya mini baya. Ni a lokacin abu ɗaya na karanta: mutum ba ya ƙin hawa abin da ya yarda da shi. Bayan shekaru uwarku ta ce mini wanta tsoron ruwa yake yi, an haife shi a bakin teku amma bai taɓa shiga ya wuce gwiwa ba, kuma ya gwammace a zarge shi da ya faɗi haka a gaban mijin ƙanwarsa. Ko gaskiya ce, ko kare shi take yi, Allah ne masani. Amma ko da na sani a ranar, ban ga yadda zan ba da shira'in iska ga wanda bai taɓa jin nauyinta a hannunsa ba.

Na ba Ammi Salim aikin. Kakarku ta kira ni ƙasa, ta zaunar da ni a tabarma, ba ta ba ni ko ruwa ba.

"Ya Adam, da Usman bai riƙo hannunka ba, yau kana ina?"

"Ina Yawuri, Umma, ko a gidan kame."

"To?"

"Umma, yara biyu za su hau jirgin nan. In ya yage a tsakiyar duwatsun murjani, ba zan ce wa uwarsu surukina ne ya ɗinka ba."

"Kenan na ɗana zai yage."

"Ban sani ba. Shi ya sa."

"Halas. Tashi."

Ko bayan nan ban saki jiki da Bayamanen ba. Na riƙa faɗo masa ba sanarwa, ina duba bakin bandir, ina ƙirga layin ɗinki da farce. Wata rana 'yar tasa ta yi magana daga bayan labule, ta ce in ina so in zo in zauna a keken da kaina. Na fita, amma washegari na dawo.

Muka tashi zuwa Yanbu da sanyin safiya, ni da Abu Faisal da 'yarsa da jikokin. Kwanakin farko lafiya lau. Bayan mun wuce Rabigh ne iskar ta same mu, tun kafin azahar, abin da ba ta saba ba. Teku ya yi fari, igiyoyin gajeru masu tsayi, jirgi ya hau ɗaya ya faɗa cikin ta biyu. Dama da hagu murjani ne, duwatsun da ke kwance ƙarƙashin ruwa suna jiran katako. Ɗan injinmu ba zai iya da wannan ba. Na rage babban shira'i har ya koma kamar zanen ɗaurawa, na tura matan ciki, na ba Abu Faisal sitiyari. Leɓɓansa sun yi fari, yana ta salati. Ƙaramar jikar tana kuka tana kiran uwarta. Duk lokacin da muka juya, shira'in goshi ya yi ta bugawa kamar zai tsinke ginshiƙi, sannan ya cika ya ja mu gaba. Ni idona na kan gaɓoɓinsa. Wajen la'asar na ga abin da nake tsoro: a gefen baya, layin ɗinki na waje ya saki kamar tsawon taƙi, zare na lilo. Ban gaya wa Abu Faisal ba. Na tsaya ina kallon wurin ina jiran ya ci gaba, ina lissafin yadda zan sauke shi in ya tafi. Bai ci gaba ba. Layuka biyun da suka rage suka riƙe, har muka shiga bayan wani tsibirin yashi muka jefa anga rana ba ta faɗi ba. Abu Faisal ya saki sitiyari ya zauna a ƙasa, ya rungume yaran.

Da muka dawo na kai wa Ammi Salim shira'in na nuna masa wurin, ina jiran ya ji kunya. Ya shafa ya ce shi ya sa ya yi uku, ya tura wa 'yarsa ta gyara. Har yau ban san ko in gode masa ko in zarge shi ba.

Na sayi babban kifi na kai shagon Yaya Usman. Ya karɓa, ya yi godiya, ya ce, "Sannu da hanya, Rayyis." Bai taɓa kirana haka ba, kuma daga ranar bai sake kirana Adamu ba. Zaman gidan ya yi nauyi, ana amsa gaisuwata da baki ɗaya, har muka tattara muka koma unguwar Safa. Ke Hanan, a can aka haife ki, kawunki ya aiko da atamfa amma bai zo suna ba. Uwarku ta riƙa zuwa Nuzla ita kaɗai ranar Juma'a, ta dawo da jajayen idanu, ba ta ce mini komai ba, ni ma ban tambaya ba.

Yadin nasa kuwa bai lalace a shago ba. Wata rana na ga sabon farin shira'i a jirgin wani likitan haƙori, aka ce Nabil ne ya kawo, wani Takari a Nuzla ya ɗinka. Ashe sun san juna. Tun yaushe, ban sani ba. Na shekara da shekaru ina kallon shira'in nan duk lokacin da na wuce, kuma ba zan ɓoye muku ba, yagewarsa nake jira. Bai yage ba. Amma likitan bai taɓa fita bakin mashiga bayan azahar ba, yawon safiya yake yi a cikin ruwan kwance ya dawo. 'Yan Nuzla suka ce ga shi nan ɗinkin Usman ya riƙe. Ni na ce ba a tambaye shi ba tukuna.

Da ciwon ƙoda ya kwantar da kawunku, uwarku ta ce in ban je yanzu ba, kada in je jana'iza. Na je da hantsi. Ya rame har na kusa rashin gane shi. Ya sa aka fita aka bar mu. Muka yi maganar zafi, da tsadar haya, da mutanen da suka rasu. Can ya juyo da kansa.

"Rayyis, ranar nan ta Rabigh. Da nawa ne a goshin jirgin, da ya riƙe?"

Na san abin da ake gaya wa mara lafiya. Kalma ɗaya ce, kuma ba wanda zai kama ni da ita. Na buɗe baki, ta ƙi fita.

"Ban sani ba, Yaya."

Ya rufe ido. Na ɗauka na ƙarasa abin da ya rage tsakaninmu. Sai na ga kafaɗunsa na motsi, ashe dariya yake, irin wadda ba ta da sauti.

"Kai dai ba ka da kirki, Adamu," in ji shi. "Ɗago ni in sha ruwa."

Na sa hannu a bayan wuyansa na ɗago shi, ya sha.